Zaɓen Manhajar Saurare da Kallo: Shawara ga Mai Nazarin Waƙar Baka da Fim

1.0 GABATARWA

Duk ɗalibin da ya taɓa zama domin ya juyar da waƙar baka daga faifai zuwa takarda ya san aikin ba na rago ba ne. Makaɗi ba ya jiran mai rubutu. Kafin alƙalami ya gama saɗara ɗaya jagora ya zuba uku, 'yan amshi sun karɓe, kalangu kuma ya danne rabin abin da aka faɗa. Saboda haka tilas a koma baya a sake saurare, wani lokaci har sau goma, kafin kalma guda ta fito fili. Malamanmu da rikoda suka yi wannan aiki, suna danna maɓalli gaba da baya har zaren kaset ya tsinke. Mu kuwa da kwamfuta da wayar hannu muke yin sa, kuma abin da ke tsaye tsakanin kunnenmu da muryar makaɗi shi ne manhajar da ke buɗe fayil ta kunna shi.

Abin mamaki, ɗalibi yakan kwana yana tunanin makaɗin da zai yi nazari a kansa, ya yi makonni yana farautar waƙoƙinsa, amma ba ya ɓata ko minti biyar wajen tunanin manhajar da zai saurare su da ita. Wadda ya tarar a cikin na'ura ita ce tasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa bukatar mai saurare don nishaɗi dabam take da ta mai saurare don nazari, sa'an nan ta kawo ma'aunan da manazarci zai bi ya zaɓi manhajar da ta dace da aikinsa. Da farko za mu waiwayi baya kaɗan, daga nan mu duba yadda fayil yake, mu jera ma'aunai, mu ɗora wasu sanannun manhajoji a kansu. Abin da muke nufi da manhajar saurare da kallo shi ne tsarin umarnin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin ta kunna sauti ko hoto mai motsi.

2.0 DAGA GARMAHO ZUWA FAYIL

A zamanin garmaho, faifai mai juyawa sau 78 a minti bai cika ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu a kowace fuska ba, har ya zama dole makaɗi ya datse waƙarsa ta yi daidai da faifai. A shekarar 1963 kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset, wanda ya zo ya zama babban rumbun waƙoƙin Hausa. Kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45. Faifan CD ya shiga kasuwa a 1982. Ta fuskar kallo kuwa, fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wanda ya fito a 1990, a kaset na bidiyo ya fito, kafin daga baya finafinan Hausa su koma faifan VCD da DVD.

Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci kowane mazubi da na'urarsa, kuma ido yana ganin bambancin. Babu mai hankalin da zai ɗauki kaset ya nemi ɗora shi a kan garmaho. Yanzu kuwa duk waɗannan sun koma fayil. Waƙar da aka kwafo daga garmaho, da hirar da aka ɗauka jiya da waya, da fim ɗin da masu tura finafinai suka zuba wa mutum a kasuwa, duk a jere suke a wuri ɗaya, kamanninsu ɗaya. Bambancin yana nan daram, ya dai ɓuya ne a ciki inda ido ba ya kai wa. Aikin da na'urori biyar suke yi a da, yau manhaja ɗaya ake so ta yi shi, to, daga nan ne matsalar zaɓe ta taso.

3.0 MAZUBI DA KODEK

Kafin a auna manhaja, ya kamata a san abin da take buɗewa. Kowane fayil na sauti ko bidiyo abu biyu ne a haɗe: akwai mazubi, akwai kuma kodek. Misalin da zai sauƙaƙa mana fahimta shi ne wasiƙa. Ambulan shi ne mazubi, irin rubutun da aka yi wasiƙar da shi kuma, boko ko ajami, shi ne kodek. Mutum yana iya yage ambulan lafiya lau, amma in da ajami aka rubuta, shi kuwa boko kawai ya iya, ai sai ya tsaya yana kallon takarda. Haka manhaja take. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 da MKV da AVI, sunan ambulan ne. Abin da ke ciki yana iya kasancewa H.264, wanda aka tsayar a 2003, ko H.265 na 2013, ko AV1 na 2018. Wannan shi ne dalilin da ya sa fayil biyu masu ƙarewa da MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, ko kuwa a ji murya ba a ga hoto ba.

Aikin kodek shi ne matse sauti ko hoto domin ya rage cin wuri. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, ta kafa biyu, dama da hagu, wanda ya sa minti ɗaya yake cin megabait 10 da 'yan kai. In an mai da shi MP3 mai kilobit 128, minti ɗayan nan bai cika megabait 1 ba. Watau waƙar minti 20 ta sauko daga wajen megabait 210 zuwa wajen 19. Sai dai araha ba ta ado: MP3 yana samun wannan ragi ne ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba, abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa. Akwai kodek irin su FLAC, wanda ya fito a 2001, da suke matsewa ba tare da zubar da kome ba, amma ragin nasu bai cika wuce rabi ba.

Ire-iren fayilolin da ɗalibin Hausa yake cin karo da su suna da yawa. Tsofaffin wayoyi da AMR suke ɗaukar murya, bidiyo kuma da 3GP. Saƙon murya na WhatsApp da Opus yake zuwa. Fim ɗin da aka kwafo daga VCD yakan zo da DAT, na DVD kuma da VOB. Wanda ya ɗauki hira da rikoda ta zamani yakan sami WAV. Duk waɗannan suna iya taruwa a cikin kundin digiri ɗaya.

Bari in kawo abin da ya same ni, ko wani ya tsira. A hutun bara na je ƙauyenmu na ɗauko waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakin wata tsohuwa, wajen minti 40, da wata tsohuwar waya. Da na dawo makaranta na zuba fayil ɗin a kwamfuta, manhajar da ke ciki ta ce ba ta san shi ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in juya shi zuwa MP3 a wani shafin intanet. Na juya, na saurari farkonsa na ji lafiya, sai na goge na asali domin wayar ta cika. Sai da na zauna rubutu na tarar shafin ya datse aikin a minti na 30, ga shi kuma muryar ta ƙara dushewa. Na yi niyyar komawa a hutu na gaba, kafin hutun ya zo tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Fayil ɗin nan ba shi da laifin kome. Da na san manhajar ce ba ta iya karatunsa ba, da ita na sauya, da waƙoƙin nan na minti goma suna nan.

4.0 MA'AUNAN ZAƁE

4.1 Yawan abin da take buɗewa

Wannan shi ne ma'auni na farko, bisa ga abin da ya gabata. Manhajoji iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai masu zuwa da kodek ɗinsu a cikinsu, akwai kuma masu dogara da wanda ke cikin kwamfuta. Na farkon su ne suka fi dacewa da mu, domin ɗalibi ba ya bukatar ya shiga intanet neman wani ƙari duk lokacin da baƙon fayil ya zo masa. Alal misali, tun daga Windows 8 na shekarar 2012 kamfanin Microsoft ya daina haɗa kwamfuta da abin kunna faifan DVD, saboda haka wanda ya dogara da manhajar da ya tarar ba zai iya kallon fim ɗin da ke kan irin wannan faifai ba.

4.2 Rage gudu ba tare da sauya murya ba

Ga mai nazarin waƙa, wannan ma'auni ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne manhaja ta yi wa rikoda fintinkau. Duk wanda ya taɓa saurarar kaset da batir mai rauni ya san yadda waƙa take ja, muryar mace ta koma kamar ta ƙato. Dalili shi ne, a kaset gudu da tsayin murya a ɗaure suke da juna: in gudu ya ragu da rabi, yawan girgizar sauti ma ya ragu da rabi, murya ta faɗi ƙasa. Manhaja mai kyau tana raba su. Takan yanyanka sautin gutsi-gutsi, ta maimaita wasu gutsattsarin ta haɗa bakinsu, sai magana ta yi tsawo amma murya ta tsaya inda take.

Amfanin wannan ga harshe irin namu a fili yake. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Baba na uba, da baba ta uwa, da baba na rini, da karin sauti da tsawon wasali ake rarrabe su. Gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasalin farko ne ya raba su. A cikin waƙa kuma makaɗi yakan ja gaɓa ko ya haɗiye ta domin ta hau kiɗa. Sa'an nan ga karin harshe. Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Zariya, in ya zauna da waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi ko Musa Ɗanƙwairo, zai gamu da Hausar yamma, inda ake cewa sunka da munka a maimakon suka da muka, ake kuma furta hw a wuraren da shi ya saba jin f. In waƙar tana gudu, kunnensa zai riƙa gyara masa abin da ya ji ya mai da shi Hausar gidansu, ya rubuta abin da makaɗi bai faɗa ba. Rage gudu shi ke ba kunne damar jin abin da aka furta, ba abin da ya saba ji ba.

Amma kome ya yi yawa ya ɓaci. A nawa gwajin, gudu tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100 shi ya fi fito da magana. In an sauka ƙasa da rabi sai sauti ya fara rawa, baƙaƙe irin su ɗ da ɓ da ƙ, waɗanda furucinsu na ɗan lokaci ne, su dagule. Don haka a nemi manhajar da take rage gudu kaɗan-kaɗan, ba wadda take tsalle daga cikakken gudu zuwa rabi ba.

4.3 Maimaita yanki da gajeren tsalle

Mai rubuta waƙa ba ya saurarar ta daga farko zuwa ƙarshe, ɗa-ɗa yake bin ta, wani lokaci ma saɗara-saɗara. Yana bukatar abu biyu. Na ɗaya, ya iya kafa alama a farkon saɗara da ƙarshenta, manhaja ta yi ta maimaita tsakanin nan har ya gama rubutu. Wannan shi ake kira maimaicin A zuwa B. Na biyu, ya iya komawa baya da sakan biyu ko uku ta danna maɓalli ɗaya, ba tare da ya ɗauke idonsa daga takarda ba. Manhajar da sai an ja layi da yatsa kafin a koma baya tana ɓata lokaci, domin a waƙar minti 20 ɗan motsin yatsa kaɗan sai ya tsallake ɗa guda. Har ila yau, ya kamata ta riƙa nuna minti da sakan a fili, domin manazarci ya rubuta a gefen kowane ɗan waƙa inda yake a cikin fayil. Da haka malamin da ke duba aikin zai je kai tsaye ya tabbatar da kunnensa.

4.4 Haruffa masu ƙugiya

Fayil na waƙa yana ɗauke da ɗan bayani a cikinsa: sunan waƙa, sunan makaɗi, shekara. Tsohon tsarin rubuta wannan bayani a MP3, na shekarar 1996, harafi 30 kawai yake ɗauka a gurbin suna, kuma bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Sababbin tsare-tsare sun san su, domin suna aiki da Unicode. In manhaja ba ta bi sabon tsari ba, sai ka ga sunan Ɗanƙwairo ya koma alamun tambaya ko 'yan akwatuna. Haka abin yake ga rubutun da ke fitowa a ƙasan fim. Wanda ya rubuta maganganun fim a fayil na SRT, lalle ya adana shi da tsarin UTF-8, ya kuma tabbata manhajarsa tana karanta wannan tsari. In ba haka ba, ƙasa da kasa sun zama ɗaya, ɗaki da daki ma haka.

4.5 Bukatun mai nazarin fim

Mai nazarin fim, bayan duk abin da aka ambata, yana da nasa ƙarin. Bidiyon da aka ɗauka bisa tsarin talabijin na ƙasar nan hoto 25 yake jerowa a sakan ɗaya. Wanda ke nazarin sutura, ko yanayin gaisuwa, ko kwalliyar ɗakin amarya, yana bukatar ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsai da wanda yake so, ya ciro shi ya sa a kundinsa. Sa'an nan finafinan da aka kwafo daga kaset ko VCD sau da yawa murya takan riga baki ko baki ya riga murya. Manhaja mai kyau tana ba da damar matsar da sauti gaba ko baya har su daidaita.

4.6 Talla da nauyi da tsaro

Ma'auni na ƙarshe ya shafi aljihu da kwanciyar hankali. Yawancin manhajojin kyauta na waya da talla suke ci, tallan kuwa da kuɗin data na mai waya yake zuwa, ga katse tunani ana tsakiyar saɗara. Wasu kuma suna da nauyi, su shanye caji, su sa tsohuwar kwamfuta ta riƙa numfashi sama-sama. Mafi haɗari su ne masu neman izinin shiga lambobin waya da saƙonni, alhali kunna waƙa ba ya bukatar haka. Hirar da muka ɗauko daga bakin mutane amana ce. Saboda haka a sauko da manhaja daga shafin masu ita ko daga rumbun manhajoji na wayar, a guji wadda aka turo hannu da hannu ba a san asalinta ba, kada a sayi huhun ma'ahu.

5.0 WASU MANHAJOJI A KAN MA'AUNI

5.1 VLC

Abin da zai ƙayatar da mu game da wannan manhaja shi ne, asalinta aikin ɗalibai ne. An fara ta a 1996 a wata babbar makarantar injiniya ta birnin Faris a Faransa, École Centrale, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, ƙungiyar VideoLAN mai zaman sa kai ce kuma take kula da ita. Tana zuwa da kodek ɗinta, ba ta da talla, tana aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple da wayoyin Android da iPhone. Tana buɗe duk ire-iren fayilolin da muka lissafa, har da faifan CD da VCD da DVD. A fitowarta ta 3, wadda ta fara fita a 2018, a kan Windows, maɓallin [ yana rage gudu kaɗan-kaɗan, maɓallin ] yana ƙarawa, = kuma yana mai da shi daidai. Shift da kibiya suna tsalle na sakan 3, Alt da kibiya na sakan 10. Harafin E yana matsawa hoto ɗaya gaba, J da K suna daidaita sauti, G da H kuma rubutun ƙasan fim. Tana da maimaicin A zuwa B, ko da yake a ɓoye yake sai an fito da ƙarin maɓallai. Tana kuma ba da damar a saurari kafar dama kawai ko ta hagu, abin da ke da amfani in kaset ɗin asali ya lalace ta gefe ɗaya. Rauninta biyu ne: a kwamfuta ba ta iya tsara rumbun waƙoƙi masu yawa sosai ba, kuma ba ta komawa hoto ɗaya baya.

5.2 Windows Media Player

Ita ce mafi yawanmu muka tarar a kwamfuta. Fitowarta ta 12 ta zo tare da Windows 7 a 2009, a 2022 kuma Microsoft ya kawo sabuwa mai suna Media Player. Ta 12 ɗin tana tsara waƙoƙi, tana kwafo faifan CD, tana kuma rage gudu, amma ba ta da maimaicin A zuwa B, sa'an nan ta dogara da kodek ɗin da ke cikin kwamfuta. Ta isa ga mai nishaɗi, ba ta isa ga mai rubuta waƙa ba.

5.3 foobar2000 da Winamp

Waɗannan sauti suka sa gaba. Winamp, wadda ta fito a 1997, ita ce ta yi tashe lokacin da MP3 ya fara yaɗuwa; kamfanin AOL ya saye ta a 1999, ya sayar a 2014, tashenta kuwa ya daɗe da wucewa. Ita foobar2000, wadda Peter Pawlowski ya fitar a 2002, ba ta da ado ko kaɗan, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ba ta da nauyi, tana gyara bayanin waƙoƙi ɗari a lokaci ɗaya, tana kuma riƙe haruffa masu ƙugiya. Wanda ya tara waƙoƙin Mamman Shata, ko na Ɗan Maraya Jos, ko na Barmani Choge, yana so ya jera su bisa jigo ko shekara, ita ce abokiyar aikinsa. Rage gudu dai sai an ƙara mata wani ɓangare.

5.4 MPC-HC da mpv

Duka biyun masu sauƙin nauyi ne, kuma suna matsawa hoto ɗaya gaba ko baya, watau sun toshe gurbin da VLC ta bari. Masu MPC-HC na farko sun ajiye aikin a 2017, wasu suka ci gaba da shi. A Windows kawai take aiki. Ita kuwa mpv kusan ba ta da maɓallai a fuska, duk da allon rubutu ake sarrafa ta, don haka sai mai haƙurin koyo.

5.5 Waya

A wayoyin Android, MX Player ta yi suna ƙwarai wajen kallon fim, amma ta kyauta tana ɗauke da talla. VLC ta waya tana da rage gudu da maimaicin A zuwa B, ba ta kuma neman intanet. Duk da haka, waya ta saurare ce a hanya. Aikin rubutu na sosai ya fi kyau a kwamfuta, da abin saurare na kunne mai rufe kunnuwa biyu.

6.0 IYAKAR MANHAJA

Wajibi ne a faɗi abin da manhaja ba ta iyawa, kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Ba ta ƙara wa fayil abin da babu a cikinsa. AMR na tsofaffin wayoyi ba ya riƙe sautin da ya wuce girgiza 3,400 a sakan, alhali babban rabon sautin s da sh yana sama da nan. Shi ya sa a irin wannan ɗauka suke rikicewa da f, kuma babu manhajar da za ta warkar da wannan. Abin da take iyawa shi ne ta rage ƙarfin ƙananan sautuka inda ganga ta fi yawa, ta ɗaga na tsakiya inda magana take, sai kalma ta ɗan leƙo. Wannan dabara ce ta rubutu kawai. Wanda zai auna karin sauti ko tsawon wasali, da fayil na asali zai auna, kuma wannan aikin manhajar nazarin furuci ne, irin su Praat ta Jami'ar Amsterdam. Yanka sauti da share ƙara kuma aikin Audacity ne. Kowane allazi da nasa amanu.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan maƙala mun ga cewa fayil ambulan ne da rubutu, kuma ƙin buɗewarsa sau da yawa gazawar manhaja ce. Mun jera ma'aunai shida, mun ɗora wasu manhajoji a kansu. Bisa ga wannan awo, shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi ita ce ya riƙi VLC domin rubuta waƙa da kallon fim, ya haɗa da foobar2000 in waƙoƙinsa sun yi yawa, ya nemi MPC-HC ko mpv in nazarinsa na bin hoto ne ɗaya-ɗaya. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ya amince da kowace, ya tara fayil biyar: saƙon murya na waya, da tsohuwar waƙa da aka kwafo daga kaset, da fim na VCD, da sabon fim, da waƙa mai suna da harafi mai ƙugiya. Wadda ta buɗe su duka, ta rage gudu murya ba ta sauya ba, ta maimaita saɗara, ta rubuta sunan daidai, to ta ci jarrabawa.

Ina kuma roƙon malamanmu da su duba yiwuwar keɓe ko da darasi ɗaya a kan wannan batu kafin a tura ɗalibai ɗauko bayani, a kuma ɗora irin waɗannan manhajoji a kwamfutocin sashe. Doka ɗaya ce nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran: kada a goge fayil na asali, kada a juya shi sai an ajiye kwafinsa a wuri biyu. Manhaja in ta ƙi, gobe a sauya wata. Tsohuwar da ta rera waƙa kuwa, in ta tafi ba a sake samun ta. Allah ya sa mu dace.